Baybayin na Filifin da ajaminmu: shin zane zai iya mayar da rubutu hannun mutane?

Bakabe a Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da malamaina da sauran 'yan'uwa na wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali.

Ni mutumin Argungu ne, neman abinci ya kawo ni Jidda, inda nake aikin gyaran na'urori a wani asibiti. Duk wanda ya taɓa zama a Saudiyya ya san yawan 'yan Filifin a asibitoci da kamfanoni da gidaje. Cikin abokan aikina akwai wani ma'aikacin jinya, mutumin tsibirin Luzon, wanda in ya tashi daga aiki ba abin da yake sa a gaba sai zane. Ba mutane ko dabbobi yake zanawa ba, haruffa ne na tsohon rubutun ƙasarsu da suke kira baybayin. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya tsoma faffaɗan burushi cikin baƙin fenti, ya ja harafi guda mai lanƙwasa wanda zai cinye rabin ƙyallen, sannan ya bi gefensa da ƙananan haruffa da jan launi. 'Yan ƙasarsu suna saye, wasu su ba shi sunayen 'ya'yansu ya rubuta musu, wasu su ce a buga musu a riga. Ya shaida mini cewa ba a gida ya koyi rubutun ba, domin iyayensa da kakanninsa ba su iya shi ba. Sai da ya bar ƙasar, kewa ta dame shi, sannan ya koye shi ta intanet daga wasu masu zane 'yan Filifin mazauna Amurka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mafi yawan masu sayen ba su iya karanta abin da suka saya ba. A gabana wata mata ta karɓi zanen sunan ɗiyarta tana murna har da hawaye, amma da ya ce ta nuna masa harafin farko na sunan, sai ta kasa.

Don haka tambayata biyu ce. Ta farko, shin wannan aiki farfaɗo da rubutu ne na gaskiya, ko kuwa ado ne kawai da aka yi da abin da ya riga ya wuce? Ta biyu kuma ta shafe ni. Na yi makarantar allo, hannuna ba laifi, kuma a nan Jidda da Makka akwai 'ya'yan Hausawa da yawa da aka haifa a nan, suna jin Hausa a gida, sun ƙware a baƙaƙen Larabci, amma ba su iya karanta Hausa da boko ba, ba su kuma san ana rubuta ta da ajami ba. Shin mutum irina, da ke zaune nesa da gida, zai iya yi wa ajami irin hidimar da wannan bawan Allah yake yi wa baybayin? In zai iya, ta ina zai fara, me kuma ya kamata ya kiyaye?

Malamin Tarihi, Gwandu:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka dubi aikin abokinka da idon basira. Kafin a ce an farfaɗo da abu ko ba a farfaɗo da shi ba, sai an san yadda yake a lokacin da yake da rai, da abin da ya kwantar da shi.

Baybayin rubutun Tagalog ne, mutanen yankin Manila, da wasu maƙwabtansu. Asalinsa yana komawa ga dangin rubuce-rubucen Indiya waɗanda suka bi fatauci suka shiga tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Ba shi da alaƙa da Larabci, ko da yake za ka ji wasu suna kiransa alibata, sunan da wani ɗan Filifin, Paul Verzosa, ya ƙaga masa a 1914 bisa zaton yana da dangantaka da alif, ba, ta. Haruffansa 17 ne, wasula 3 da baƙaƙe 14. Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin a a jikinsa ba tare da an sa masa komai ba. In aka sa masa 'yar alama a sama, wadda suke kira kudlit, sai ya koma i ko e. In aka sa ta a ƙasa sai ya koma u ko o. Kai da ka yi babbaƙu da farfaru za ka lura cewa wurin wasalin i a wajensu kishiyar namu ne, domin mu a ƙasa muke sa shi. A tsohon tsarin ba su da ɗauri ko kaɗan, baƙin da ya rufe gaɓa ba a rubuta shi. Kalmar bundok, wato tsauni, da haruffa biyu ake rubuta ta, bu da do, mai karatu ne zai cike sauran da saninsa na harshen. Sai a 1620 wani limamin Kirista Basifaniye, Francisco Lopez, ya ƙara 'yar alamar gicciye a ƙarƙashin harafi don ta yi aikin ɗauri, kuma mutanen zamaninsa ba su rungume ta ba. Yau ne masu zane da masu koyo suka fi amfani da ita.

Sifaniyawa sun fara kafa mulkinsu a tsibiran a 1565, suka kama Manila a 1571, kuma sun iske rubutun yana yawo a hannun jama'a. Wani limamin Kirista Basifaniye, Pedro Chirino, ya rubuta a 1604 cewa da wuya ka sami namiji, balle mace, da bai iya shi ba. Mai yiwuwa ya ƙara gishiri, amma akwai shaidar da ba ta da gardama: a ma'ajiyar Jami'ar Santo Tomas da ke Manila akwai takardun cinikin fili guda biyu da aka rubuta da baybayin, na 1613 da na 1635, kuma a dukkansu mata ne suka sayar da filin. A 2014 gwamnatin ƙasar ta sa su cikin dukiyar al'adu ta ƙasa. Galibin rubutun yau da kullum kuwa a jikin gora da ganyaye ake yinsa da tsinin wuƙa, wasiƙu ne da waƙoƙi gajeru, kuma a ƙasa mai ruwa da laima irin tasu waɗannan ba sa daɗewa.

Ana yawan cewa Sifaniyawa ne suka tattara littattafan suka ƙona, amma masu binciken da suka bi takardun zamanin ba su sami shaidar an yi wannan a matsayin tsari ba. Hasali ma ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a ƙasar, Doctrina Christiana na 1593, yana ɗauke da Tagalog cikin baybayin da kuma haruffan Latin, kuma kwafinsa guda da aka sani yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Abin da ya kwantar da rubutun ya fi wuta sanyi, ya kuma fi ta tasiri. Coci da kotu da makaranta da ofis duk sun koma haruffan Latin, saboda haka duk mai son ɗansa ya ci gaba sai ya tura shi can. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 rubutun ya fita daga hannun Tagalog. Mu da muka san abin da ya biyo bayan makarantar boko ta Ɗan Hausa a Kano a 1909, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda hukuma take ɗaga rubutu ɗaya ta bar ɗaya a tsakar gida ba.

Inda darasin yake shi ne wuraren da dangin wannan rubutu ba su mutu ba. Ƙabilun Hanunoo da Buhid na tsibirin Mindoro, da Tagbanwa na Palawan, sun riƙe nasu har zuwa zamaninmu, kuma a 1999 UNESCO ta sa rubuce-rubucensu cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da aka rubuta. Babu gwamnatin da ta riƙe musu shi. Hanunoo suna da waƙa da suke kira ambahan, kowane ɗango gaɓa bakwai, suna sassaƙa ta a jikin gora, saurayi ya nemi budurwa da ita, dattijo ya yi nasiha da ita, baƙo ya yi bankwana da ita. Yaro yana koyon haruffan ne domin yana da abin da yake so ya faɗa da su, akwai kuma wanda zai karanta.

To, hukuncina a kan tambayarka ta farko shi ne abokinka yana yin aiki mai daraja, amma bai kai farfaɗowa ba tukuna. Ya mayar da haruffan gaban ido, ya sa mutane sun ji nasu ne. Ranar da matar nan za ta rubuta wa ɗiyarta saƙo da su, ɗiyar ta karanta ta ba ta amsa, ranar ce za a ce rubutun ya tashi.

Malama daga Sabon Gari, Gusau:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru ƙwarai da wannan bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ga tambaya ta biyu zan tsaya, kuma ina roƙon ɗana na Jidda kada ya ɗora ajami a kan sikeli ɗaya da baybayin, domin halinsu ba ɗaya ba ne.

Ajami bai mutu ba. Ina koyarwa a makarantar matan aure, kuma cikin ɗalibaina akwai tsofaffin da ba su san harafin boko ko ɗaya ba, amma in aka miƙa musu takardar waƙar wa'azi za su rera ta daga farko har ƙarshe ba gargada. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma littafin bashinsa da ajami yake: sunan mutum, garinsu, buhu nawa na gero ko dawa ya ɗauka, ranar da ya yi alkawari, in ya biya a ja layi a kai. Har yau in kuka shiga kasuwa za ku sami masu yin haka. Wannan ƙasa ce ta Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta bar waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata 'yan taru. Kuma duk da an cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50 a 2007, aka cire shi daga naira 100 a 2014, har yanzu yana kan 200 da 500 da 1000. Matsalarmu ita ce an bar shi ga tsofaffi da almajirai, masu ilimin zamani suna ganinsa kamar ba ilimi ba ne, har a lissafa wanda ya iya shi cikin jahilai.

Abin da nake so ka kiyaye, ɗana, shi ne alfarmar baƙin. Ɗan Filifin yana da 'yancin da kai ba ka da shi. Shi zai buga harafinsa a riga, a takalmi, a kofin shayi, wasu ma har su huda fatarsu da allura su zana shi, abin da addininmu ya hana. Mu kuwa mun tashi mun ga iyayenmu in sun ga takarda mai baƙin Larabci a ƙasa sukan duƙa su ɗauke ta su soke a jikin danga, ba tare da sun tsaya duba abin da ke ciki ba. Bahaushe bai raba baƙin da Alƙur'ani a zuciyarsa ba. In ka buga ajami a rigar da za a shiga bayan gida da ita, ko a shimfiɗar da za a taka, za ka ɓata ran mutanen da kake so ka jawo, ko da abin da ka rubuta sunan gari ne kawai.

Amma kada wannan ya sa ka ja da baya, domin ni a ganina wannan tsoron shi ma ya cuci ajami. Ya sa mutane sun ɗauka ba a rubuta komai da shi sai wa'azi da addu'a, har waɗanda ba su san shi ba suka ɗauka aya ce a jikin kuɗi, alhali “naira dubu” kawai aka rubuta. Ka rubuta zancen duniya mai tsabta: karin magana, kirarin garuruwa, sunayen kifayen gulbin Argungu da kayan kamun kifi, gaisuwar barka da haihuwa. Ka sa su inda ake girmamawa, a bango, a allo, a fata. Kuma ba ka buƙatar aron salon kowa, domin muna da zayyana, wadda ake ƙawata allon mai sauka da ita da ja da ɗorawa da kore, muna da aikin dukawa da na masu ɗinkin hula. Sharaɗina guda ne: kada ka murɗa harafi don neman kyau har ya zama wanda ya iya karatu ma ya kasa gane shi.

Ɗan Ƙaura a Ingila:

Salamu alaikum. Ina gaida Baba Malam da Inna Malama. Yaya na Jidda, sannu da ƙoƙari. Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, sana'ata tsara haruffa da zane a kwamfuta, saboda haka wannan magana ta zo inda nake zaune.

Da izinin Baba Malam, ina ganin an ɗan rage wa masu zanen nan haƙƙinsu. Gaskiya ne zane ba karatu ba ne, amma rubutun da ya yi shekara fiye da 200 ba ya hannun mutane ba ya da wata ƙofar dawowa sai ta ido. Ba wanda zai zauna ya haddace haruffa 17 na rubutun da bai taɓa gani ba. Sai ya gan shi a bango ko a rigar abokinsa, ya ji ya burge shi, aka ce masa na kakanninsa ne, sannan zai tambaya. Kuma ba mamaki ba ne yadda 'yan ƙetare suka yi fice a wannan aiki. 'Yan Filifin kimanin miliyan 10 ne suke zaune a wajen ƙasarsu, fiye da miliyan 4 masu asalin can suna Amurka. Wanda yake gida ba a tambayarsa ko shi wane ne. Wanda yake waje kullum sai an tambaye shi, 'ya'yansa ma su tambaye shi, ga maƙwabcinsa ɗan Sin da ɗan Koriya da Balarabe kowa da baƙinsa, shi kuwa sunansa na Sifaniyawa, rubutunsa na Turawa. Wannan raɗaɗin ne yake tura mutum tono.

Kristian Kabuay, mazaunin yankin San Francisco, yana cikin waɗanda suka fi shahara. Yana haɗa baybayin da salon zanen bangon titi da na burushin Asiya, yana zanawa a gaban jama'a, amma bai tsaya nan ba, yana koyarwa yana kuma yawon lacca a jami'o'i. Paul Morrow a Kanada da Norman de los Santos a Amurka sun tsara haruffan kwamfuta suka sake su ga jama'a. An shigar da rubutun cikin Unicode, wato tsarin haruffan na'ura na duniya, tun 2002, wanda shi ne ya ba shi damar shiga waya da kwamfuta. A 2010 sababbin takardun kuɗin ƙasar suka fito da kalmar Pilipino cikin baybayin, fasfo ɗinsu ma yana ɗauke da shi, kuma yau duk mai madannin waya na Gboard zai iya buga shi a wayarsa. A tawa fahimtar, da masu zane ba su sa matasa sun ƙaunace shi ba, da waɗannan abubuwa sun tsaya alama ce kawai a takarda.

Ba su kaɗai ba ne. Victor Ekpuk, ɗan Najeriya mazaunin Washington, ya gina aikinsa a kan alamomin nsibidi na yankin Kuros Riba, har ya yi wasu a kan allo irin namu. Ibrahim El-Salahi na Sudan ya daɗe yana sarrafa baƙin Larabci cikin zane, kuma a 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Adlam na Fulatanci, wanda Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙaga suna yara a Gini a ƙarshen shekarun 1980, suka ci gaba da hidimarsa bayan sun koma Amurka har ya shiga Unicode a 2016. Zama a waje yana ba mutum kayan aiki da hanyar isa ga masu fasaha, gida kuma shi ke da masu karatu. Wanda ya saki ɗaya ya yi asara.

Haɗarin da na fi gani shi ne kuskure mai kyan gani. A baybayin ya zama ruwan dare mutum ya ɗauki sunansa na Latin ya musanya harafi da harafi, ya manta cewa kowane baƙi yana da wasalinsa a jiki, sai sunan mai gaɓa biyu ya fito da gaɓa biyar, kuma a buga shi a riga ɗari kafin wani masani ya gani. Mai saye ba zai gane ba, mai sayarwa kuma kasuwa tana jansa. Ajami ma yana da irin wannan tarko, domin ba mu da ƙa'ida guda da kowa ya bi wajen rubuta ɓ da c da ts da 'y, kuma madannin Larabci na waya bai tanadi ɗigon imala da muke rubuta wasalin e da shi ba. Akwai haruffan kwamfuta mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta tsara bisa hannun Kano, kyauta ne, zai taimaka maka. Shawarata, Yaya, kada aikinka ya fita sai wani alaramma ko tsohon da ya saba karanta waƙoƙi ya karanta shi da ƙarfi ba tare da ka gaya masa abin da ka nufa ba. Kuma kowane zane ya tafi da 'yar takardar da ta warware haruffansa ɗaya bayan ɗaya, don mai saye ya koma gida da darasi.

Dattijo daga Jega:

Salamu alaikum jama'a. Ni shaida kawai zan bayar. A zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a cire Kebbi a 1991, gwamnati ta kawo malamai 'yan Filifin da yawa makarantun sakandare, kuma mace ce daga cikinsu ta koya mana lissafi. Mutanen kirki ne masu haƙuri da riƙon aiki. Takan ba mu labarin shinkafarsu da tsibiransu da guguwar teku, amma ban taɓa jin ta ambaci cewa suna da rubutu nasu na kansu ba, ko da rana ɗaya, alhali tana ganinmu da alluna da yamma. Sai yau a wannan zaure na ji. In har jikokin tsararta su ne suke rubuta sunayen 'ya'yansu da shi a Jidda, to lallai an yi tafiya mai nisa, kuma ni ba zan raina wanda ya fara ta da burushi ba. Ɗana, ka yi aikinka, Allah ya dafa maka.

Malamin Tarihi, Gwandu:

Alhaji, mun gode da wannan shaida, ta fi dogon bayani. Ɗana na Ƙaura, na karɓi gyaranka a kan ƙofar ido, sai dai ina nan a kan cewa ƙofa ba ɗaki ba ce. Akwai abu guda da ban faɗa ba wanda ya kamata mai wannan niyya ya sani. A Afrilun 2018 wani kwamitin majalisar wakilan Filifin ya amince da ƙudurin da zai mayar da baybayin rubutun ƙasa, a riƙa sa shi a alamun tituna da gine-ginen gwamnati da kwalayen abinci. Sai gardama ta tashi, ba daga masu ƙin al'ada ba, daga masu kishinta. 'Yan ƙabilar Kapampangan suka ce suna da nasu rubutun, kulitan, mutanen Mindoro da Palawan suna da nasu da bai taɓa yankewa ba, Musulmin kudu a Mindanao da Sulu kuma sun daɗe suna rubuta harsunansu da baƙin Larabci kamar yadda muke yi. Suka ce ba daidai ba ne a ɗauki na Tagalog a ce shi ne na kowa. Mu ma a Kebbi muna tare da Dakarkari da Kambari da Zabarmawa da Dandawa da Fulani, kowa da irin alaƙarsa da rubutu. Ka gabatar da ajami a matsayin gadon da kake ƙauna kake gayyatar mutane gare shi, kada ka mai da shi ma'aunin wane ne ɗan ƙasa na gaskiya.

Bakabe a Jidda:

Iyayena, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na ɗauki sharaɗin Inna Malama na alfarmar baƙi da bayyanarsa, na ɗauki na ƙanena na Ƙaura cewa kowane zane ya tafi da takardar warwara. Niyyata in fara da karin magana da kirarin Kabi a kan alluna, in kai su gidajen 'yan'uwa inda ake taruwa ranar Juma'a, in sa yaran su gwada karantawa da kansu.

Sai dai wata matsala ta taso mini. Ni da hannun Warshu na tashi, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Yaran nan kuwa da rubutun makarantun Saudiyya suka saba, inda fa take da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. In na rubuta musu ƙaf ɗinmu za su karanta ta fa. Shin in bi hannun gida, wanda shi ne gadon da nake so su gani, ko in bi wanda suka iya don su karanta da sauƙi?

Malama daga Sabon Gari, Gusau:

Ɗana, wannan matsala muna fama da ita a nan ma, domin 'yan Islamiyya da Hafsu suke tashi, 'yan allo kuma da Warshu, kuma aji ɗaya nake haɗa su. Abin da nake yi shi ne in fara wa kowa da hannun da ya sani har ya ji Hausa tana fita daga baƙin, domin wannan jin shi ne yake kama zuciya. Bayan mako kaɗan sai in nuna musu bambancin fa da ƙaf da ɗigon imala, kuma ba ya ɗaukar su lokaci. Saboda haka babban rubutun allonka ka yi shi da hannun gida, da kaurinsa da tawadarsa, kamar yadda malaminka ya koya maka. Takardar warwara kuma ka rubuta ta da hannun da yaran suka saba, ka ƙara boko a ƙasa saboda iyayensu mata da suka zo daga gida. In ka gama allon farko ka ɗauki hotonsa ka sa a nan, zan kai wa tsofaffin ajina su karanta, in kuma gaya maka duk inda suka tsaya.